Sanarwar Rasuwar Zelenka, Motar Gidan Vachev

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, ni Grozdan Vachev na unguwar bayan tasha a Berkovitsa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motarmu Zelenka, koriya, ƙirar Rasha ta shekarar 1976. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin maƙwabcinmu Bai Kolyo bakanike ("Bai" kamar "Malam" ne a wurinmu), tana da shekara arba'in da takwas. Mai ɗab'i ya ce ba a taɓa kawo masa sanarwa mai tsawon wannan ba. Na ce ya sa a takarda biyu.

Za ku tarar da ita manne a ƙofar gidanmu, ƙasa da ta matata Velichka, da muke kira Vela, wadda ta rasu watan Oktoba. Waccan sanarwar, 'yarmu Rositsa ce ta rubuta, layi huɗu da hoto. An ba ni biro a lokacin, na riƙe, na mayar.

Marigayiya mota ce mai riƙon amana. Ta ɗauko Rositsa daga asibiti tana jaririya, ta ɗauki buhunan barkono da tulunan kabeji kowace kaka, ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kujerar baya ba ta yi ƙorafi ba. Aibinta biyu ne, kuma ba ta taɓa ɓoye su ba: zafi da surutu. Da bazara ƙasanta kan yi zafi har ka ji ta tafin takalmi. Surutu kuwa ba a magana. Injin yana gurnani, giya tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure, ƙofar dama tana kar-kar-kar, ɗan akwatin gaba yana amsa mata taf-taf a kowane rami. Maƙwabta sun san ƙarfe tara na Lahadi ba tare da duba agogo ba.

Kowace Lahadi muna hawa dutse zuwa ƙauyen su Vela, ita a dama, kwando a cinya. Tun daga ƙofar gida take magana har mu isa. Ina ganin bakinta yana motsi, ina jin amon muryarta a cikin hayaniyar, ni kuma ina cewa "to". Shekara arba'in da wani abu ke nan ina cewa "to". Ban ga laifin hakan ba, kuma a ganina zaman lafiya ne.

Bara da farkon damina aka yi mata aiki a maƙogwaro. Ta dawo gida da raɗa kawai. Lahadin farko da muka fita, na waiga na ga bakinta a rufe tun daga gida har ƙauye. Ban ce "to" ko sau ɗaya ba, don babu abin da zan amsa. Ranar na gane cewa hanyar tana da nisa.

Washegari na kwance kujeru na jera su a tsakar gida. Na samo ragowar shimfiɗar kwalta da muka rufe ɗakin ajiya da ita, na yanka, na gasa da fitila, na manna a cikin ƙofofi da ƙasa da bayan inji. Bai Kolyo ya leƙo ta katanga.

"Grozdan, mota kake gyarawa ko rufin kaji?"

"Shiru nake nema, Bai Kolyo."

"A wannan? Ka kashe ta mana, nan take za ka samu."

Kwaltar ta rage karkarwa, amma ba ta hana zafi da gurnani ba. Sai Vela ta buɗe akwatin kayan aurenta ta fito da dardumai uku na gashin tumaki, saƙar hannunta tun tana budurwa, waɗanda ba a taɓa taka su ba ko ranar bikin Rositsa. Ta miƙo mini almakashi. Na ƙi karɓa, ta yanka da kanta. Ta durƙusa a cikin motar tana cusa su a kowane lungu da cokalin katako.

Bai Kolyo ya sake leƙowa, wannan karon ba da wasa ba.

"Gashin tumaki shan ruwa yake, kun ji ko? Kafin sanyi ka fitar da su ka shanya. In ba haka ba ƙarfen zai ruɓe a ƙarƙashinsu kana zaune."

Na ce "to".

Aikin ya yi. Zelenka ta koma magana ƙasa-ƙasa, ƙafa ta daina ƙuna. Muna cikin hawan dutse sai na ji raɗa a dama, sarai kamar a ɗaki.

"Grozdan, duk shekarun nan da kake cewa 'to', kana jin abin da nake faɗa kuwa?"

Na ce, "A'a."

"Na sani, tsoho. Shi ya sa nake faɗa."

Na tambaye ta me take faɗa. Ta ce ba a juye buhu a rana ɗaya, za ta riƙa ba ni kaɗan-kaɗan kowace Lahadi, daga farko. Ta gaya mini ba ta taɓa son launin motar ba. Ta gaya mini ita ce ta fasa fitilar baya a 1979, ba ɗan maƙwabta da na bi da tsintsiya ba. Ta gaya mini sunan da ta sa wa yaron da muka rasa kafin Rositsa, wanda ni ban san ta sa masa suna ba. Lahadi tara muka samu. A labarin nata mun kai shekarar 1984.

Game da jinyar marigayiya Zelenka, babu abin ɓoyewa. Bayan an binne Vela na ajiye motar ƙarƙashin bishiyar tuffa. Sau ɗaya na shiga na rufe ƙofa, shirun da na yi wata guda ina nema ya zauna a kujerar dama, na fita. Dusar ƙanƙara ta sauka ta narke, ta sake sauka, ruwa yana bin robar gilashin gaba yana gangarawa ciki. Na tuna maganar Bai Kolyo kowace safiya. Ban ɗaga dardumai ba, domin hannunta ne ya shimfiɗa su.

Ranar Talata muka tura ta gareji, Bai Kolyo ya ɗaga gefe ɗaya na darduma ya danna sukundireba, ta wuce har ƙasa. Ya gwada wuri shida. Tsatsa ta ci har ƙashin da ke riƙe da tayoyi. Ya cire hula ya ce, "Injin lafiyarsa ƙalau. Amma babu abin da zai zauna a kai." Ban ji komai ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa, ya faɗa mini, na rubuta.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Ni na kashe ta, kuma da za a mayar da ni baya, haka zan sake yi.

Marigayiya ta bar safayar taya ɗaya, jak, makullai biyu, da tabarau na mace a ɗan akwatin gaba. Ta bar Rositsa can Valencia a ƙasar waje, wadda ta ce a waya, "Baba, mota ce fa." Ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a ƙofar gida. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari kamar yadda aka saba. Mai kawo fure ya kawo bibbiyu, kamar yadda muke yi wa mamaci. Motar masu sayen tsohon ƙarfe za ta iso ƙarfe goma.

Kafin ta iso, ni da Bai Kolyo za mu ɓamɓare kwaltar mu fitar da abin da ya rage na dardumai, domin Zelenka ta tafi da muryarta. Zai tayar da injin sau ɗaya, zan zauna a mazaunina in rufe ƙofa na minti biyar. Ina roƙon maƙwabta su yi haƙuri da ƙarar. Idan kun ga bakina ya motsa ta gilashi, "to" nake cewa. Kada kowa ya tambaye ni.