Alhaji Sama-Sama Da Etaj Talatin

In ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar hangen nesa a Damagaram, a fara da Alhaji Mai Nasara, a kuma tsaya a kansa don kada a ɓata lissafi. Dillalin filaye ne, konseye ne, wato kansila, a meri, ofishin magajin gari, kuma ya je Dubai ya yi kwana tara cur, biyu daga ciki a filin jirgi yana jiran jakarsa. Tun da ya dawo wuyansa bai koma daidai ba. Kullum kansa a ɗage, ya daina ganin masu gaishe shi, sau biyu yana faɗawa kwata. Mutanen gari suka sa masa suna Alhaji Sama-Sama. Shi kuwa ya ji daɗi ƙwarai, don a zatonsa kirari ne, har ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

A can ƙasar Larabawa ne ya gano ciwon Damagaram, wanda likitoci da malamai suka kasa ganowa. Ashe ba ƙishirwa ba ce, ba ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ne, ba zaman banzan samari ba ne. Gajarta ce.

"Bon," in ji shi a taron meri, yana ɗaga yatsa. "Gari kamar mutum ne. In ba ka da tsawo ba a ganinka a taro. Bene mai etaj talatin, hawa kan hawa, nake so a tsakiyar unguwar Birni, da gilashi, da asansar mai ɗaga mutane sama. Turawa na gani daga jirgi za su sauko da kansu. Wannan shi ne dabalafma, wato ci gaba!"

Wani ya tambaya da wace wuta asansar zai tashi. Alhaji ya ce wannan tambayar gajerun mutane ce.

Abu ɗaya ya rage masa, fili. A duk Birni bai ga inda ya dace ba sai gidan ubansa, tsohon gidan dukawa mai zanen ƙasa a fuskar zaure, inda yayarsa Hajjo ke zaune shekara sittin da ɗoriya. Gidan na su biyu ne. Sai ta dangwala yatsa a takarda kafin katafila ta shigo. Ya je mata da takardar, da hoton ginin, da alkawarin ɗaki a hawa na ashirin da tara.

Hajjo ta juya hoton sama da ƙasa. "Auta, ruwan famfon da bai iya hawo tudun unguwar nan ba, shi zai bi ni can? Ko 'yan ga-ruwa za ka yi wa fukafukai?"

"Yaya, ba ki gane ba ne. Da kin ga abin da ake gani daga sama, da kanki za ki roƙe ni."

Ta miƙa masa hotonsa ta ci gaba da tsince wake. Ranta ya ɓaci, don a ɗakin da yake nunawa da baki a matsayin wurin ajiye motoci aka yanke masa cibiya.

Babban mutum ba ya karaya. Ya ce tunda mutane ba su da idon zuci, zai kawo musu na zahiri. Ya sa aka ɗaure ƙarafa da katako a ƙofar gidan, dakali a kan dakali, tsawon etaj biyar, da dogon tsani a jiki. Ranar Alhamis zai hau ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, Hajjo kuma ta ji kunyar idon baƙi ta dangwala. Ya gayyato 'yan rediyo, ya ɗauko maroƙa, ya sa babbar riga fara mai cin yadi goma, takardar na aljihunsa.

Da hantsi ya kama tsani. Nomau, tsohon maginin da ya ɗaure ƙarafan, ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, ba a yi kira ba."

Kowa a Birni ya san kiran nan. Tsakar gida ba ta da rufi, makewayi ma haka. Don haka ko indararo mutum zai gyara, sai ya ɗaga murya sau uku, "A kintsa, za a hau bisa!" ya kuma dakata maƙwabta su shige ɗaki. Yaron goye ma ya san wannan. Amma Alhaji ya yi kwana tara a Dubai.

"A can akwai etaj ɗari da sittin, ban ji mai kira ko ɗaya ba," ya ce. Ya ture hannun Nomau, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, lasifika a kafaɗa, ya hau.

Gaskiya ya gani. Ya ga Birni kamar an buɗe kwanon tuwo. Ga mai wanka, ga mai kitso kai ba ɗankwali, ga amarya da ɗaurin ƙirji tana shanya, ga wani dattijo mai daraja tsugune da buta. Ihun farko ya tashi daga gidan da ke gabas, na kusa ya karɓa, kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka. Alhaji ya ji muryoyin mata ta ko'ina, ya tabbata guɗa ce. Ya ɗaga hannu biyu yana amsa gaisuwa, sannan ya kafa madubin a ido don ya ga masoyansa da kyau.

"Jama'ar Damagaram!" ya faɗa cikin lasifika. "Daga nan ina ganin komai! Komai da komai! Ba abin da ya ɓuya mini!"

Maganar nan ce ta fito da maza daga kasuwa. Dukawa suka aje fata, mahauta suka manta ba su aje wuƙa ba. Maroƙa suka naɗe kalangu suka bi lungu, 'yan rediyo suka tuna suna da wani aiki. Ba wanda ya jefe shi, mutanen Birni suna da tarbiyya. Tsanin kawai suka zare, suka kwantar a ƙasa, suka zauna a inuwa.

Rana ta take. Ƙarfe ya yi zafi. Alhaji ya yi barazana da meri, ya yi da jandarma, ya koma faransanci, faransancin ya ƙare. Da aka kira azahar ya sauko zuwa "don Allah don Annabi". Tsoro ya kama shi sosai, ga ƙishirwa, ga iska na kaɗa rigar yadi goma tana neman tafiya da shi.

Sai ga Hajjo ta fito da mayafinta, ba gaggawa. Ta tsaya gindin ƙarafan ta kare ido da hannu. Dama an ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

"Auta, ka ga dabalafma?"

"Yaya, ki sa baki a mayar da tsani."

"Takardar nan da ke aljihunka ta yi maka nauyi. Fara sauko da ita."

Ya sako ta. Hajjo ta tsince ta, ta yayyaga gida takwas, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta juya wurin mazan ta roƙi arziki, ta ce ɗan unguwa ne, ubansu ɗaya da ita, a dubi gemun marigayi. Mai unguwa ya yarda a mayar da tsani, da sharaɗin duk gidan da idonsa ya faɗa sai ƙafarsa ta je neman gafara. Aka ƙirga gida arba'in da ɗaya.

Ƙofofin zauren Birni gajeru ne, ba a shigarsu da ɗagaggen wuya. Mutumin da ya yi awa uku a sama ya yi kwana huɗu a tsugune, hula a hannu. Wasu suka yafe, wasu suka sa ya maimaita. Dattijon nan mai buta ya bar shi a zaure har la'asar.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ne, Kulu, mai sayar da daddawa. Alhaji ya durƙusa, kuma ganin ba maza a wurin, sai ya ɗan gyara murya. Ya ce ta yi haƙuri, laifinsa ɗaya ne, ya riga zamaninsa, wata rana Damagaram za ta nemi ginin nan da kuka.

"Ai ni tun yanzu nake nema, ɗan nan," in ji Kulu. "Kafin a kwance ƙarafan, ka daure ka sake hawa. Akuyata ta ɓata tun Talata."