Yadda Za Ki Sa Kawunki Ya Kore Ki Daga Kemis Saboda Ƙwayoyin Hanji

"Ba zan ba shi ba, Kawu."

Da wannan maganar Zuliha ta fara, ranar da Kawu Dalhatu ya ce ta miƙa wa wani manomi kafson ja-da-yalo, kuma da ita nake so ke ma ki fara. In kin bi matakan nan yadda ta bi su, na yi miki alkawari kafin a gama kwashe tumatirin bana kin bar bayan kanta kin koma gida, ko da mai kemis ɗin ƙanin mahaifiyarki ne, ko da shi ya sayi ragon sunanki. An gwada hanyar a Kura a 1986, ba ta ba da kunya ba.

Mataki na 1: Samo abin da za ki rasa

Kora ba ta da armashi in ba ta tafi da wani abu mai nauyi ba. Saboda haka kada ki yi garaje. Nemi kawu mai alkawari.

Zuliha ta gama sakandare da sakamakon da ko maƙiyinta ba zai kushe ba. Burinta makarantar nas a Kano. Mahaifinta ya rasu, filin noman ranin da ya bari kuwa bai fi ciyar da gida ba. Sai Kawu Dalhatu, mai kemis a bakin titi, ya ce ta tsaya masa a shago rani ɗaya, domin mata ba sa iya faɗa wa namiji inda ke musu ciwo, in ya so shi zai ɗauki nauyin karatun. Ya ɗinka mata farar riga. Riƙe wannan a ranki: in babu Kawu, babu makarantar nas.

Sai kuma ki tabbata kin taho da wani ilimi da ba wanda ya aike ki ki ɗauko. Nata daga Malama Veronica ta samo shi, mai koyar da ilimin halittu, wadda ta taɓa zana hanji a allo ta ce a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, yawancinsu ma'aikatanmu ne. Sauran 'yan ajin sun rubuta a jarrabawa sun manta. Zuliha ta ɗauke shi kamar wasiyya.

Mataki na 2: Gano abin da ya riƙe shagon, ki ƙi sayar da shi

Kowane kemis akwai ginshiƙinsa. Na Kawu ja-da-yalo ne, sai maganin wankin ciki.

A yankin nan ja-da-yalo ba shi da ciwon da ya fi ƙarfinsa. Ciki ya yi ƙugi, ja-da-yalo. An wuni sunkuye ana dashe, ja-da-yalo. Kaza ta yi tsuru-tsuru, a fasa mata ɗaya a ruwa. Masu hali su zazzage shi a lemon kwalba, su girgiza, su shanye a tsaye. Duk ranar kasuwa kuma a yi wankin ciki, wai a fitar da dattin mako, kamar yadda ake yashe ƙaramin kanal.

Manomin da na ambata sunansa Baba Sammani, dattijo mai tumatir a hanyar Bunkure. Zuliha ta tambaye shi me ke damunsa.

"Ba komai, 'yata. Riga-kafi ne. Gobe zan kai kaya Kwanar Gafan."

"Zazzaɓi?"

"Allah ya kiyaye."

"Gudawa?"

"Ke, da safiyar nan?"

A nan ne Kawu ya ɗago kai daga rediyonsa ya ce ta ba shi, ita kuma ta faɗi abin da ta faɗa. Lura da kyau: ba ta ɗaga murya ba, har ɗan rusunawa ta yi. Ƙin bin umarni cikin ladabi ya fi ƙona rai, domin ba ya barin wa mutum abin da zai kai ƙara.

Mataki na 3: Yi bayani

Babu abin da ke korar mai saye kamar bayani. Kada ki yi rowarsa.

"Baba, hanjinka gari guda ne. Akwai halittu a ciki, sun fi mutanen Kano yawa. Su ke taya ka narka abinci, su ke tare miyagun ƙwayoyi kada su samu wurin zama. Kafson nan in ya shiga ba ya tambayar waye na kirki."

Baba Sammani ya dafa cikinsa a hankali.

"Yanzu haka suna ciki?"

"Suna ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun kana goye."

"Ikon Allah. Kuma ba wanda ya taɓa yi min sallama." Ya juya wajen Kawu. "Dalhatu, ashe biyu ba za su isa ba. Ba ni huɗu."

In kin zo nan, kada ki karaya. Kawo misali daga sana'arsa, kamar yadda littafin koyarwa ya ce.

"Baba, in tsutsa ta kama fangali ɗaya, za ka yi wa gonar duka feshi, har albasa, har bakin kanal?"

"Ƙwarai kuwa. Har gonar maƙwabci in iska ta taimaka."

Hikima ta farko: misali ba ya aiki a kan wanda ya riga ya aikata misalin.

Mataki na 4: Shiga tukunyar mutane

Mutum zai iya yafe miki hana shi magani. Taɓa masa abinci ne ba ya yafuwa.

Tun da ruwan dam ɗin Tiga ya iso aka fara noma rani da damina, duk wanda tumatir ya yi wa rana ya yi sallama da tuwon dawa. Safe shayi da burodi, rana farar shinkafa da lemon kwalba, daddawa kuwa ta zama abin kunya, sai dunƙulen miya na kanti. Daga nan ciki ya ɗaure, a zo kemis neman abin da zai kwance shi.

To ke sai ki rubuta musu magani da abin da shagon ba ya sayarwa. Zuliha ta riƙa cewa a sha nono mai tsami, a ci wake, a ci kwaɗon zogale da rama, a mai da daddawa miya, kada a cire dusar dawa daga garin tuwo, domin ma'aikatan hanji abincinsu ke nan. A rage lemo. A bar wankin ciki, ciki ba tukunya ba ne. Wanda ta ga ciwonsa na gaske ne, ta ce ya je asibiti ya kawo takardar likita, a ba shi kafso ya shanye har ƙarshe, ba guda biyu ba.

Wani Alhaji da ya sayi sabon babur a kakar ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Yarinya, shekara nawa na yi ina cin zogale don dole? Yanzu da Allah ya yaye min, ke ce za ki mai da ni?"

Roda, mai sayar da shinkafa da wake a gefen shagon, ita kaɗai ta ji daɗin wannan mataki. Ta ce, "Zuliha, ci gaba da wa'azi, tukunyata tana ƙarewa kafin azahar." Kawu ya ji. Ya ƙara wa rediyonsa murya.

Alamar kina kan hanya ita ce a yi miki suna. Na Zuliha Lauyar Ƙwayoyi. Direbobin manyan motoci har leƙowa suke su ce, "Lauya, ya waɗanda kike karewa? Sun kwana lafiya?" Amsa musu da fara'a. Ce suna gaishe su.

Mataki na 5: Samu mutum ɗaya ya bi shawararki

Wannan shi ne mataki mafi haɗari, kuma ba a hannunki yake ba. Muddin ba wanda ya saurare ki, ke mai surutu ce kawai. Ranar da wani ya gwada, kin zama mai laifi.

Baba Sammani ne ya gwada. Maganar halittun nan ta tsaya masa a rai, ya ga tunda ba za su tashi ba gara a zauna lafiya. Ya sayi nono mai kyau da fura ya tafi gona. Da rana ta take, ya ga nonon ya yi kauri, ya miƙa ludayi cikin kanal, daidai ƙasa da inda ake wanki ake shayar da shanu, ya sirka.

Kwana da kwanaki ba a gan shi a kasuwa ba. Waɗanda suka gan shi sun ce a bayan ciyawa suka hango hularsa. Da ya iya tafiya ya zo shagon yana dogara sanda, wuyansa ya zama na zakara.

"'Yata, mutanenki sun ci amanata. Na ba su nono, sun tayar min da yaƙi."

"Baba, da wane ruwa ka dama?"

"Ruwa dai."

"Na kanal?"

"To na ina? Shi tumatir yake sha, ga shi nan jajir."

Ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari a tafasasshen ruwa, ta ce Roda ta tsayar masa da mota zuwa asibiti. Ya warke. Amma gari ya riga ya yanke hukunci: Lauya ta hana dattijo magani ta ɗura masa nono. Maganar kanal ba ta shiga labarin ba, domin kowa yana sha.

A makon ne Jaji, mai tallan magani a kan keke, ya dawo da tasharsa daidai gaban shagon Kawu. Lasifikarsa na cewa, "Ja-da-yalo, babu tambaya, babu wa'azi."

Mataki na 6: In an kawo sulhu, karɓe shi rabin yini

Dangi ba sa kora kai tsaye, sai sun ba ki ƙofar tuba. Kawu ya zo gida bayan la'asar, ya zauna a tabarmar yayarsa, Inna Adama, mahaifiyar Zuliha.

"Yaya, ni ban ce ta yi sata ba. Ban ce ta miƙa da hannunta ba ma. Ni zan miƙa. Ita dai ta rufe bakinta zuwa damina, in kai ta makarantar, ta je can ta yi wa likitoci lacca."

Inna ta dubi 'yarta. "Kin ji. Shiru kawai. Ni na yi shekara talatin ina yin sa, bai kashe ni ba."

Zuliha ta ce to. Kuma ta yi ƙoƙari, wannan ko Kawu zai shaida. Washegari ta ga an sayi wankin ciki, ta goge kwalabe. Ta ga an zazzage kafso a lemo, ta ƙirga ƙudajen silin. Har Alhaji mai babur ya shigo ya ce, "Lauya, yau kotu ba ta zama?" ta yi murmushi kawai.

Sai wata mata ta shigo da goyo. Ta ce yarinyar haƙori take, cikinta ya ɗan saki, a ba ta ja-da-yalo ta fasa mata a koko. Kawu ya miƙa hannu zai ɗauko kafson.

Ga dabarar: a daidai nan za ki tuna da makarantar nas. Tuna ta sosai, da farar hula da komai. Sannan ki buɗe baki.

"Yaya, kada ki ba ta. Ba na jarirai ba ne, zai ɓata mata haƙoran da ba su ma fito ba, ya share mata ciki. Ci gaba da ba ta mama, ga yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. In ta ƙi sha ko idonta ya faɗa, asibiti yau ɗin nan."

Matar ta dubi Kawu, ta dubi Zuliha, ta mai da kuɗinta bakin zane.

Kawu ya kashe rediyon. Tun da aka buɗe shagon ba a taɓa jin ya kashe shi da rana ba.

"Cire min rigar."

Mataki na 7: Fita a tsaye

Kada ki yi kuka a shagon. Ninke rigar yadda ake ninke kayan sallah, ajiye ta a kan kantar shagon, ki ce, "Kawu, na gode, a huta gajiya." Bi ta gaban keken Jaji ba tare da kin kauce ba. In Roda ta kira ki ta zuba miki wake, zauna ki ci, ki cinye. Kuka in ya matsa, akwai bayan ɗakin Inna.

Shi ke nan, kin gama. Ina taya ki murna.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba: ba na aikinki ba, ba na zumuncinku ba, ba na abin da innarki za ta riƙa faɗa duk sanda ta ga wata da farar hula. Kada kuma ki zauna jiran ranar da gari zai gane ke ce da gaskiya. Masu shan ja-da-yalo suna nan da ƙafafunsu, ba wanda ya faɗi a titi don ya wanke ki, Jaji ma ya sauya keke da babur. Matar nan mai goyo ba a sake ganinta ba, ba a san ko ta bi shawarar ko ta tsaya wajen Jaji ba. Ƙwayoyin da kika tsaya wa kuwa ba su san sunanki ba.

Ga abin da ya ci wa Zuliha, don kada ki ce ba a faɗa miki ba. An ɗauki ɗaliban nas na bana babu ita. Tana cikin matan da ke tsinkar tumatir a gonakin mutane, daga hantsi har rana ta yi sanyi, bayanta na ciwo, wasu ranakun a gonar Baba Sammani. Kawu ya daina shigowa gidansu, in ya zo gaida yayarsa daga soro yake aikowa.

Inna ta ce wa Zuliha da sallah ta shirya ta je ta ba shi haƙuri, wataƙila baɗi ya sauko. Zuliha ta ce za ta je ta gaishe shi.