Ɓeran Kaskon Iya Lantana

"Lafiya lau, ya hanya, ya mutanen... Au, kai ne? Kash, na yi asarar gaisuwa! Na zaci baƙon kirki ne."

Da haka Iya Lantana, kakata ta wajen uwa, ta tarbe ni da na iso gidanta na garin Fulatan daga Rogo, tana gaban kasko tana suyar ƙuli-ƙuli. Ni kuwa hankalina a tashe yake. Malaminmu na kwaleji ya kasa mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemi mai sana'a, ya gano abin da ke hana sana'ar ci gaba, ya kawo magani. Don iyayi na ɗaga hannu na zama shugaba. Mai injin niƙa a Rogo ya kore mu, mai siminti a Ƙaraye ya ce 'yan haraji ne mu. In Juma'a ta yi ban kai sunan kowa ba, mu biyar mun faɗi, kuma ni za a tsine wa.

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Amarya, ranki ya daɗe."

"Ruwa ba ya tsami banza. Maigida Sabi'u, yau kai ne da durƙuso? Ina cefane?"

"Na kawo miki abin da ya fi cefane. Masana zan kawo su binciki kamfaninki."

"Wane kamfani? Turmi da kasko?"

"Da manaja mai haƙori uku."

"Ukun nan sun ga abin da talatin ɗinka ba su gani ba. Su waye masanan?"

"Ni ne babbansu."

Ta tafa hannu. "Innalillahi! To yaya ƙananan suke?"

Wallahi ban ji haushi ba, don ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar. Na gyara zama kusa da faranti, na yi mata bayani tiryan-tiryan: za mu zo mu zauna, mu lura, mu gano inda riba ke zurarewa.

Ta ce, "Ba sai kun wahala ba. Buɗe hannunka na hagu."

Na buɗe. Ƙuli-ƙuli ne cike, ban ma san sanda na ɗiba ba.

"Ka ga inda take zurarewa. Tun kana rarrafe kake cin jarina, yau kuma kai ne mai binciken ɓarawo. An ba kura ajiyar nama!"

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ki riƙa soya shi haka?"

"Ai ni ma da nawa laifin," in ji ta, tana juya kasko. "Kowane ɗan jika ya leƙo ya ce 'amarya', sai hannuna ya saki. Na auri rabin Fulatan, ba wanda ya taɓa kawo mini ko barkono. Mace mai miji ɗari tana cin tuwo ba man shanu!"

"To kin gani? Matsalarki babba ce. Malam zai ba mu maki har ya rasa inda zai rubuta."

"Ku samu maki, ni in samu kasko wayam? Kai ɗaya ka hana ni sayen akuya, ina ga ka zo da ƙattai huɗu? Ɗanɗano kawai za ku yi in koma sayar da toka."

Nan fa wasa ya fice mini daga baki. Na ce, "Iya, don Allah. Kowa ya ƙi mu. Ke kaɗai kika rage mini."

Ta dube ni ta gefen ido, ta daɗe tana tsame ƙuli-ƙuli daga mai.

"To, kai wa malamin sunana. Amma da sharaɗi. Ranar Alhamis za ku zo, kuma dukkanku da azumin nafila a baki. Kafin a kira magariba kun bar garin nan."

"Haba amarya! Mu wuni muna shaƙar ƙamshi?"

"Ba magani kuka zo nema ba? Shi ke nan maganin. Ku zauna ku ga yadda riba take in mazajena sun kame baki."

Na yi dariya har da hawaye, na ɗaga hannu sama na ce na sallama. Ta ƙulle ƙonannun a leda ta cilla mini.

"Ungo na sahur. Ka raba wa masana, in ya kai Rogo."