Esin Injiniya Balarabe

Duk tashar Jega babu direba kamar Balarabe. Shi da kansa ya faɗa, kuma kowa ya san ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Ya taɓa fake wa ruwan sama a garejin wani makanike a Legas, tun daga ranar ya zama Injiniya.

Da zaɓen shugaban direbobi ya matso, Injiniya ya shiga takara, ya ga abu ɗaya ya rage masa: sanyi a mota. Fankar da ke hura iskar esi mai sanyi da ta hita mai zafi a bas ɗinsa ta daɗe da mutuwa, tun yana jigilar albasa da barkono daga Aliero. Ya sayo sabuwa. Makanikai suka ce ya kawo su ɗaura, ya yi musu dariyar tausayi. Ya kwanta ƙarƙashin gaban motar, ƙafafu a waje, ya kwance, ya ɗaura. Kusoshin da suka yi saura ya ce na ado ne.

Sai ya gayyaci dattawan tasha, masu ƙuri'a, zai kai su bikin suna a Maiyama. Ya rufe gilasai, ya cire mariƙansu ya sa aljihu.

"Yau za ku ɗanɗani Turai," in ji shi. Ya murɗa maɓalli zuwa ja, don a iliminsa ja shi ne na manya.

Fanka ta yi gurnani. Ɓawon albasa ya feso kamar fari, garin barkono na biye, sannan iska mai zafin gidan burodi. Malam Rufa'i, babban dattijon tasha, ya yi atishawa har rawaninsa ya warware.

"Balarabe, mi an na haka? Buɗe muna taga!"

"Haƙuri, Baba. Wanga sanyi na waje ne, da ɗumi yake farawa."

Ya ƙara ƙarfi, maɓallin ya fito a hannunsa. Haka suka isa Maiyama, kowa na kuka ba mutuwa. Masu suna suka tarye su da salati.

Washegari Injiniya ya leƙo ya ga jama'a cike da ƙofar gidansa. Ya saka babbar riga, ya fito yana ɗaga hannu, ya soma jawabin godiya.

Inna Atika mai sayar da kayan miya ta katse shi, tana sauke kwando.

"Injiniya, mun ji labari. Kuɓewa muka kawo ka busar muna."