Yadda Ake Gina Bene Shekara Goma Sha Tara Ba Tare Da An Ɗora Bulo Ko Ɗaya Ba

Kafin in koya maka komai, ya mai karatu, wajibi ne in sauke wani nauyi. A ƙofar kicin ɗin gidana da ke Suleja akwai matakala guda ɗaya, wadda tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Gefenta ya fashe tun shekarar da 'yarmu Muhsina ta shiga sakandare. Yau Muhsina ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan ban gyara matakalar ba. Ba rowa ta hana ni ba, ba kuma rashin lokaci ba. Abin da ya hana ni shi ne ina shirin ɗora bene.

Saboda haka na cancanci zama malaminka. Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na lamunce maka za a riƙa kiranka mai bene a unguwa har ka yi furfura, alhali kana kwana a ƙasa kamar kowa. Hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai sau ɗaya.

Mataki na ɗaya: Ka yi alkawari a wuri mai tsayi

Ranar da kuka tare a sabon gida, ka jingina tsani, ka riƙe wa maiɗakinka shi har ta hau saman rufi. Ka nuna mata Dutsen Zuma can nesa, ka zana murabba'i da ƙafarka, ka ce: “Nan ɗakinki zai kasance, tagarsa tana kallon dutsen. Nan da damina biyu, in Allah ya yarda.”

Haka na yi wa maiɗakina Bara'atu. Ta dubi dutsen, ta dubi tsanin da za ta sauka ta kansa, ta ce: “Allah ya nuna mana, Malam. Amma kafin nan a sa wa ƙofar bayi sakata.”

Kada irin wannan magana ta rage maka ƙarfin gwiwa. Mai babban buri ba ya tsayawa kan sakata.

Mataki na biyu: Ka bar rodi a tsaye

Kada ka kuskura ka rufe gidanka da kwano. Kwano na nufin an gama, an haƙura. Ka zuba rufin siminti, wanda magina ke kira dekin, sannan ka bar rodin ginshiƙai sun miƙe sama, ka kifa wa kowanne tsohuwar kwalba a ka don kada ruwa ya bi shi. Nawa ginshiƙai goma sha huɗu ne.

Amfaninsu ba ya misaltuwa. Duk wanda ya wuce zai san cewa mai gidan nan bai gama da duniya ba. Har 'yan acaba sun mai da su adireshi: ka ce a kai ka gidan mai rodi, ba wanda zai tambaye ka kwatance. Magabata sun ce rodi a sama ya fi kuɗi a banki. Idan ma ba su faɗa ba, don ba su ga rodi ba ne.

Mataki na uku: Kada ka bar zane ya tsaya wuri ɗaya

Nan ne masu koyo suke faɗuwa. Sai mutum ya sa a zana masa ɗaki ɗaya da banɗaki, ya tara kuɗi, ya wayi gari ya ga kuɗin sun isa, kuma babu abin da ya rage masa sai ya fara aiki. Wannan haɗari ne babba.

Maganinsa ƙari. Duk lokacin da ajiyarka ta kusa cin ma ƙiyasi, ka ƙara ɗaki. Ni na fara da ɗakin Bara'atu kaɗai. Da aka ƙara mini girma a wurin aiki, na ƙara ɗakin baƙi. Da aka biya mu wasu alawus da suka maƙale, na ga cewa bene ba zai yi kyau a kan ƙaramin kicin ba, sai na sa a zana faɗaɗa kicin ɗin zuwa baya da ƙafa goma, da ɗan sito a gefensa. Da na karɓi giratuti, kuɗin sallamar ritaya, baranda ce ta cece ni.

Mataki na huɗu: Ka yi kasafi, ka kuma yi kasafi

Ka sayi littafi mai kauri. Kowace sabuwar shekara ka buɗe shafi: siminti, yashi, tsakuwa, bulo, katako, ladan birkila, ladan kafinta, kuɗin takardar izinin gini, da kashi goma bisa ɗari na abin da ba a zata ba. Ka ja layi da rula. Babu aikin da ke sa mutum ya ji ya yi gini kamar jan layi da rula.

Daga nan ka tafi tambayar farashi. Ni nakan je wajen Chinelo, mai shagon kayan gini a bakin titinmu. Da ta hango ni da littafi sai ta ce: “Alhaji mai rodi, sannu da zuwa! Yau ma siminti ka zo gaisarwa? Yana nan lafiya, ya ce in gaya maka ya ƙara girma.”

Ita Chinelo buhu biyar-biyar ta riƙa warewa, bulo ɗari-ɗari, har ta ɗora wa shagonta ɗaki biyu a sama, 'yan haya masu aiki a Abuja suna ciki. Kada ka yi koyi da ita. Ba ta da littafi.

Mataki na biyar: Ka haddace jumla ɗaya

Wannan shi ne ƙashin bayan karatun, don haka ka natsu. Jumlar ita ce: “Ai za a rushe wurin idan an fara aiki.”

Da ita za ka amsa kowace buƙata. Ragar taga ta yage? Za a sauya tagogin. Tsatsar rodi ta gangaro ta yi wa bango zane ja? Ba a fenti kafin gini. Dekin ya fara yoyo, domin ba a yi shi don ya sha ruwan damina goma sha tara tsirara ba? Bene zai rufe shi.

Bara'atu ta daina musu. Ta tanadi robobi da baho, kuma da yake ta san zanen fiye da wanda ya zana shi, sai ta raɗa wa kowace roba sunan ɗakin da zai kasance a samanta. Idan ruwa ya ɗauke sai in ji ta: “Malam, ɗakin baƙinka ya cika, a taimaka a zubar. Baranda kuma saura kaɗan.”

Matakalar kicin kuwa tana daidai inda sabon bango zai bi. Bamalli, birkilan da ya gina gidan, ya taɓa tsayawa a kanta ya ce: “Alhaji, rabin buhu da kwanon yashi biyu. Kafin a kira Azahar na gama.” Na karanta masa jumlar. Ya girgiza kai ya ce: “To, Allah ya ba mu tsawon rai.” A lokacin na ɗauka addu'a ce kawai.

Mataki na shida: Kada ka dubi wadda ka yi wa alkawari

Ka dubi zane, ka dubi littafi, ka dubi sama. Aiki a Abuja yana taimakawa ƙwarai: ka fita bayan sallar Asuba, cunkoson Madalla ya riƙe ka a hanyar dawowa, ka iso a gajiye. Ta haka ba za ka lura da ranar da ta fara dafa bango kafin ta sauka daga kicin ba, ko watan da ta fara sallah a kan kujera, ko shekarar da ta daina zuwa gidan ƙanwarta saboda a hawa na biyu take.

Ina gargaɗinka game da ritaya. Tana ajiye mutum a gida da rana tsaka, idonsa biyu.

Mataki na bakwai: Ka tanadi amsa

Wata Laraba da hantsi, bayan an sha ruwa, ina saman dekin da tef ina sake auna baranda, sai na ji ƙarar tukunya a kan siminti. Ban ji ihu ba. Bara'atu ba ta ihu. Da na sauko na same ta zaune a cikin ruwa a gindin matakalar, miya ta malale, ta riƙe gwiwarta da hannu biyu, tana ba ni haƙuri wai abincin rana zai makara.

A asibiti aka ce targaɗe ne, ƙashi bai karye ba, amma a shekarunta faɗuwa ta biyu ba za ta zo da sauƙi haka ba. Da muka dawo, Muhsina ta naɗe mata gwiwar, sannan ta juyo gare ni cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

“Baba, don Allah in yi tambaya. Benen nan, matakala nawa ne a zane?”

“Goma sha bakwai,” na ce, domin na san lissafina.

“To, Baba, wa zai hau?”

Nan ne ya kamata ƙwararre ya zaro amsa. Na laluba littafina kaf a cikin zuciya, shafi goma sha tara, ban samu ba. Bara'atu ce ta cece ni, kamar yadda ta saba.

“Ƙyale babanki, ke. Ai na hau sau ɗaya, ranar da muka tare. Na ga dutsen. Yana nan inda yake.”

Mataki na takwas: Kada ka yi abin da na yi

Washegari na tafi shagon Chinelo ba tare da littafi ba. Na ce ta ba ni siminti buhu ɗaya.

Ta cire tabarau. “Alhaji, farashi zan rubuta maka, ko kaya zan ɗora?”

“Kaya.”

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskata ta fasa. “Yaya ƙafar Mama?” ta ce.

Na aika wa Bamalli. Ya zo yana dogara sanda, domin bayansa ya hana shi sunkuyo tun bara. Ya ɗaga kai ya dubi rodin, ya ce: “Waɗancan kam ko igiyar shanya ba zan ɗaura musu ba.” Sannan ya zauna a kan kujera ya miƙo mini cokalin gininsa. Ni na kwaɓa, ni na kafa katako, ni na zuba, yana faɗa mini: “Ruwa ya yi yawa, Alhaji, ba kunu muke damawa ba.” Bara'atu tana zaune a inuwa, ƙafarta a kan matashi, tana kallo.

Da na shafe saman ya yi sumul, ta ce: “Malam, ba za a rushe wurin ba idan an fara aiki?”

Na ce: “An fara, Hajiya. Shi ne wannan.”

Ba a kira Azahar ba tukuna.

Sanarwar wanke hannu

Marubucin nan ba injiniya ba ne, ba birkila ba ne, kuma shaida ta nuna shi ba mai tsara kasafi ba ne. Duk wanda ya bi matakai bakwai na farko, to yoyon ɗakinsa, da tsatsar bangonsa, da shirun maiɗakinsa, nasa ne shi kaɗai, kada ya kawo mini ƙara, domin ina da tawa a gabana. Wanda kuma ya bi na takwas ya rasa sunan mai bene a unguwa, shi ma babu ruwana.

A nan zan ajiye alƙalami. Bamalli ya ce a riƙa yayyafa wa matakalar ruwa safe da yamma har kwana uku, in ba haka ba za ta tsage. Yau kwana na biyu, rana ta yi sanyi, kuma ga Bara'atu can ta cika mini buta.