Ranar Da Na Ce Zan Koya Wa Ɗana Letar

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe tsaye gaban mutanen Madarunfa, na ce a ba ni ɗana in koya masa karatun jami'a da kaina, cikin wata uku.

Ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na haifa na yaye, na binne miji, furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi, sannan aka kawo karatun manya garinmu, a shekarun da suka biyo bayan babban farin nan. Bayan la'asar nakan sauke tukunyar ƙuli-ƙuli, in wanke hannu, in ɗauki ɗan allona da alli in tafi filin lakwal, inda wani saurayi mai haƙuri, Mushe Abdu (Mushe muke ce wa malaman boko, da Faransanci), yake koya mana baƙaƙe. Mata da yawa sun fara sun watse. Ni na lizimta, don ba na son a ce abu ya gagare ni (wannan hali shi ne arzikina, shi ne kuma ya kai ni inda za ku ji). Kafin damina biyu na iya karanta ɗan littafinmu daga bango zuwa bango, na kuma iya rubuta wasiƙa, wadda mu a nan muka fi kira letar. Ranar da na rubuta letar ta farko zuwa ga ƙanwata a Gabi, tafiyata ma sai da ta canza.

To ina da ɗa, ɗan fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ko a takarda. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi yake hannun ƙanwar ubansa, Delu, ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Delu yake bi. In ina son in san ko takalminsa ya tsinke, Delu. In yana son in san ya ci jarrabawa, Delu. Yaron ya tafi lakwal, daga nan aka kai shi babbar makaranta a Yamai, ni ina nan ina matsar gyaɗa ina aika masa ɗan abin da ya samu, ban taɓa tambayarsa da bakina abin da ake koya masa ba.

Shekarar da ya ci babbar jarrabawar da suke kira bak, ya dawo hutu da labari. Delu ta zo ta same ni ina tuƙa tunkuza, ta zauna bisa turmi ta ce gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsa na gaba, an kuma ba shi zaɓi, sai ya mayar da amsa kafin a yanke gero. Akwai karatun likita a Dakar, can bakin teku, shekara bakwai. Akwai karatun noma a Yamai. Baffansa mai fatauci a Ɗan Issa ma ya sa baki, wai a ƙetara da shi Zariya tunda ta fi Yamai kusa, amma can da Ingilishi ake yi, maganar ba ta yi nisa ba.

Na ce, “To, shi mi ya ce?”

Delu ta gyara zama. “Wai shi letar yake so. Nan Yamai.”

“Mi?”

“Letar. Haka ya ce mini, har sau biyu. Amma ya ce ba ya ƙetare maganarki. Abin da kika yanke shi zai yi.”

Na saki muciya. Letar! Ni da na san letar ciki da waje. Ga Malam Ɗan Ladi can bakin kasuwa da ɗan teburinsa, shekara da shekaru yana rubuta wa mutane letar, ko Maraɗi bai cika zuwa ba balle Yamai. Wato yaron nan an buɗe masa ƙofar likita, ya kauda kai, zai je ya ɓata shekaru yana koyon “bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya”.

Ya kamata ku san abin da ya sa likita ta tsaya mini a rai, don kada ku ɗauka son a ce mini uwar likita ne kawai (akwai shi, ban musa ba). Bayan shi na haifi mata biyu, ƙyanda ta ɗauke su a rani guda. Ta biyun a bayana ta cika, muna bisa hanyar Maraɗi za mu gidan likita. Tun daga ranar na ƙudura a zuciyata cewa in Allah Ya raya wannan, sai ya zama wanda ake kai wa yara. Ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ma ban gaya masa ba. Na dai ɗauka ya sani, kamar yadda uwa ke ɗauka.

Da mai hankali ce ni, da na ce wa Delu ta koma ta tambaye shi wace irin letar. Ko in tambayi Mushe Abdu, wanda nake gani kullum. Ban yi ba. Da wata kalma ce da ban taɓa ji ba, da na tambaya. Amma wannan na san ta, ita ce ma abin alfaharina. Sai na haɗiye fushina ina jiran wurin da zan sauke shi.

Wurin ya zo da kansa. Aka sa ranar bikin rufe karatunmu, aka ce babban diraktan karatun manya zai zo daga Maraɗi, aka kuma zaɓe ni in yi karatu gaban jama'a. Da hantsi filin lakwal ya cika: dattawa bisa tabarmi, masunta sun baro tabki, mata sun yi kwalliya, har waɗanda suka gudu daga ajin sun zo kallo. Yaron yana can baya tsaye jikin iccen bedi, na gan shi da gefen ido na yi kamar ban gani ba. Na sha sabon zane, na miƙe na karanta shafi biyu a kan yadda ake adana wake, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka tafa. Kaina ya yi girma har ina jin kallabi ya matse ni.

Diraktan, wani dogo mai tabarau da taushin murya, ya miƙo mini takardar shaida ya ce, “Madalla, Inna. Gida ya yi kyau. An gaya mini ɗanki ya ci bak, kuma letar yake son karantawa. Allah Ya sa albarka.”

Abin da ya faɗa ke nan, bawan Allah. Ni kuwa kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai.

Na ce, “Mushe Diraktar, tunda kai ka tado maganar, bari in faɗa maka gaban kowa. Ku masu boko ku ji tsoron Allah. Yaro an ce ya tahi ya zama likita, kun bar shi shina cewa letar. Letar mi? Ga Malam Ɗan Ladi nan zaune, ku tambaye shi ko jami'a ya je. Ni nan da kake gani, da furfurata, damina biyu na iya letar, har da adireshi a bayan ambulan. In letar ce, ku bar mini shi. Wata uku ya ishe ni in koya mishi, gwamnati ta riƙe kuɗinta!”

Na tsaya ina haki, ina jiran tafi na biyu.

Filin ya yi tsit. Mushe Abdu na fara gani, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake don maganata ta ratsa shi. Sai dariyar ta ƙwace masa. 'Yan lakwal da suka dawo hutu suka ɗauka, wani har da faɗuwa daga benci. Dattawa ba su gane abin dariyar ba, amma suka taya. Malam Ɗan Ladi kuwa ya gyara hula, yana ta gyaɗa kai, shi a dole an yabe shi.

Diraktan bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi ɗan littafin da ke hannuna, ya buɗe, ya nuna mini wata kalma. “Inna, karanta wannan.”

Na ce, “Ƙafa.”

Ya rufe ɗan lanƙwasan da ke kan baƙin farko da farcensa. “Yanzu fa?”

“Kafa.”

Ya ce, “To, ƙugiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Baƙaƙen Nasara ba su da ita. Mutane ne suka zauna suka saurari yadda kuke magana, suka yi ta gardama, kafin a san yadda za a sa Hausa a takarda har ki karanta ta yau. Irin wannan karatu, na harsuna da littattafai da yadda ake rubuta su, shi ake kira letar a jami'a. Sunan ne ya zo ɗaya da wasiƙa. Ni ma shi na karanta. Ɗanki so yake ya zama cikin masu rubuta irin wannan littafi.”

Na dubi littafin. Littafin da nake kwana da shi ƙarƙashin matashi, wanda ba na barin kowa ya taɓa da hannun mai. Na ji ƙasa ta ƙi tsagewa.

Mace mai kunya a nan za ta ja mayafi ta zauna. Ni sai na juya, na ɗaga murya har bakin bedi, na kira yaron da sunansa. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Na ce, “Gaskiya ne abin da mutumin ga ya faɗa?”

Wannan karon matan ne suka ɗauka. Delu ta dafe ƙirji ta ce, “La ilaha! Ta kira shi!” Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wata daga baya ta ce, “Boko ya ci kunya, jama'a!” Ga jahilci na tallata, ga alkunya na zubar, duk a tsayuwa ɗaya.

Shi kuwa ya durƙusa inda yake, kansa a ƙasa, ya ce, “Gaskiya ne, Yaya.”

Ban san yadda na kai gida ba. Washegari ban fita da ƙuli-ƙuli ba, na aiki 'yar maƙwabta. Da azahar ina gindin murhu na ji sallamarsa. Ya tsuguna a bakin ƙofar madafa, ni na ba shi baya ina iza wuta, shi yana kallon katanga. Haka muka yi hirarmu ta farko a duniya.

Na gaya wa tukunya labarin ƙannensa, da hanyar Maraɗi, da abin da na ƙudura. Sannan ya gaya wa katanga cewa yana tune da su, shi ya riƙe mini ƙullin kaya a ranar. Ya ce ya gwada sa ransa a likita, har ya je gidan likita a Yamai ya ga ana ɗinke wani, sai farkawa ya yi ana yi masa fifita. (Wannan kam na yarda, yaron ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi wani.) Ya ce abin da ke hana shi barci daban ne: duk abin da ya koya a lakwal da Faransanci yake, in ya dawo gida ba shi da yadda zai miƙa wa kowa.

Ya ce, “Amma in kin ce Dakar, Yaya, Dakar za ni. Ba zan yi miki gardama ba.”

Da ya yi gardama da na ji daɗi, don gardama na iya. Sai ya ɗora mini kayan duka a ka. Na san in na ce Dakar zai tafi, ya yi shekara bakwai yana cije haƙori, wataƙila ya zama likita, wataƙila ya dawo ba likita ba letar. Na kuma san yaran da na binne ba za su dawo ba ko ya zama likita goma. Na ga cewa bashin da nake bin ƙyanda ne nake son in karɓa a wuyansa, shi kuwa ba shi ya ci ba.

Na ce wa tukunya, “A gaya wa mai letar ya tahi ya yi letar tashi. Amma ya yi ta da kyau, tunda an riga an yi mini dariya a kanta.”

Ba zan yi muku ƙarya in ce raina ya daina sosuwa ba. Shekaru bayan haka, duk lokacin da na ga mace da goyo tana jiran mota zuwa Maraɗi, sai na tuna Dakar. Har yau ban tabbata wanne garinmu ya fi buƙata ba. Na dai tabbata ba ni ce zan zauna a ajin ba.

Sunan kuwa ya bi ni. Har gobe akwai tsofaffi a kasuwa da ke ce mini Inna Mai Letar, jikokinsu suna tsammanin aikin gidan waya na yi. Abin da na koya shi ne, kalmar da ban sani ba ba ta taɓa kunyata ni ba, don tambaya nake. Wadda na rantse na sani ita ta tsayar da ni tsakiyar fili. Yanzu in na ji kaina ya fara matse kallabi, sai in nemi wuri in zauna tukuna.

Da ya isa Yamai ya aiko mini da letar, kai tsaye, ba ta hannun Delu ba. Layi uku ce tak, daga mutumin da gwamnati ke ciyarwa don ya karanci letar. A layi na biyu ya rubuta wai an ba shi “daki” mai kyau. Na ɗauki alƙalami na sa wa d ɗin ƙugiyarsa, na ninke, na mayar masa.