Yadda Ake Sa wa Suruka Ido Kada Ta Ci Gishiri

Likita ya ce ki koma gida da surukarki ki yi mata "obzabeshan" na kwana bakwai, in hawan jininta bai sauka ba ya ba ta gado? Sha kuruminki. Maƙwabciyata, malamar firamare, ta bi matakan nan da uwar mijinta, Inna, ta kuwa ga sakamako. Ke ma tabbas za ki gani.

1. Fahimci kalmar

Turanci ce, ma'anarta sa ido da natsuwa, a rubuta abin da aka gani. Masana sun ce mai riƙe da biro shi ke gani, wanda ake kallo kuwa sai dai a kalle shi. Ni ban musa ba, su suka yi karatu.

2. Ɓoye gishirin

Malama a jakar makarantarta ta ɓoye nata. Inna ta ɗanɗana miya ta ce, "'Yar nan, miya ce wannan ko ruwan wanke tukunya?"

Kada ki tanka. Rubuta: "Ta ci, tana mita."

3. Kafa kujera a ƙofar kicin

Daga nan kina ganin kowane motsi. In kin lura ita ma tana ƙare miki kallo, kada ki damu, tsufa ne. In barci ya sace ki da rana tsaka, kamar yadda ya riƙa sace Malama, da kin farka rubuta: "Ba abin da ya faru."

4. Kai rahoto

A rana ta bakwai likita ya auna, jini ya sauka, Inna ta tsira daga gado. Malama ta miƙa littafinta, shafi goma sha biyu cif. Inna ta ture shi.

"Likita, ni na warke, 'yar nan za ka duba. Ƙamshin albasa na korarta daga kicin, tana barci a zaune, gishirin da ta ɓoye min kuma ita ke lasa. Wa ta sa a gaba?"

Aka duba. Ciki wata biyu. Malama kanta ba ta sani ba.

Gargaɗi: in kin bi matakan nan aka wayi gari ke ake dafa wa abinci, Inna na kan kujerarki a ƙofar kicin, ba ruwana. Ni biro kawai na ce ki riƙe.